'Yar Fari da Tsibirin Igwa

Balan, Gaya
9 ga Janairu

Zuwa ga Yaya Abdulmuttalib, a Tsibirin Igwa.

Assalamu alaikum. Yaya ina gaishe ka, ina gai da matarka Yaya Kellu. Ya aiki, ya baƙunta? Mu nan lafiya lau, sai tari da yarinyar ta yi kwana uku, shi ma ya sauka. Ran Juma'a na je Ajingi na duba Inna. Ƙafar ce dai har yanzu, amma tana cin abinci. Ta ce tana sa muku albarka, kuma a tambaye ka ko an sake sa ƙaya a kan kabarin ɗanta bayan damina, kada dabbobi su tone.

Ni ce Naja'atu, matar ƙaninka marigayi. Ka san ban yi makaranta ba. Malama Zuhra ta Islamiyyarmu ce take rubutawa, ni ina faɗa. Na ce mata kada ta gyara mini komai, yadda ya fito daga bakina haka za ta sa. In ka ga magana ta karkace, tawa ce, ba tata ba.

Bala direba, mai ɗauko muku wake yana dawowa da bandar kifi, ya kawo saƙonka. Wai in shirya yarinyar a kai muku ita can, Yaya Kellu ta riƙe, don marigayi ya ba ku ita kafin ya cika. Kuma ka ce komai a yi shi a rubuce, tunda waya ba ta shiga wajenku, kuma kada wani ya juya magana a hanya. To ga shi a rubuce.

Yaya, ni ban taɓa jin wannan kyauta daga bakinsa ba. Ban ce ka yi ƙarya ba. Amma wata goma sha ɗaya da rasuwarsa, na yi takaba na gama, ba wanda ya ce uffan, sai yanzu. Babana ya ce in ja bakina, 'yar fari ce, ba a jin muryar uwa a kan 'yar fari. Na ja. Kowa a Balan shaida ne, tun da na haife ta ban taɓa kiran sunanta ba, ko a gaban mutane ta faɗi sai dai in kau da kai wani ya ɗaga ta. Kunyar nan na yi ta. Amma takarda ba gaban mutane ba ce, don haka zan yi tambaya.

Wane irin wuri ne wannan tsibiri? Marigayi ya taɓa ce mini ruwa ne gabas, ruwa yamma, ruwa kudu, ruwa arewa. Na ɗauka tsokanata yake. Ni ruwan da na sani kogin Wudil ne, shi ma daga cikin mota, a kan gada, idona a runtse. Yarinyar nan shekararta biyar, ba ta san zama ba. Bara ta zura kai a randa, da ƙafa aka jawo ta. Ka faɗa mini inda za ta kwana, da ruwan da za ta sha, da inda za ta taka in ta fita ƙofa. Tun ranar da Bala ya zo abinci ba ya wuce mini.

Taku,
Naja'atu

Tsibirin Igwa
21 ga Janairu

Zuwa ga Naja'atu.

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Kellu tana amsawa. Allah ya ba Inna sauƙi, ya raba Afra'u da tari.

Takardarki ta zo. Ban saba a tsare ni da tambaya a kan 'yar ƙanina ba, amma tunda tsoro ne na rashin sani, zan amsa.

Daga Oron, wani gari a bakin teku can kudu, awa biyu ne a jirgin ruwa mai inji. Tsibirin ba shi da girma. In mutum ya taso daga wannan kai zuwa wancan, rabin awa ya ishe shi, faɗinsa kuwa bai kai haka ba. Masu garin masunta ne, suna da sunan da suke kiransa da yarensu, harshenmu ba ya iya juya shi. Mu muke ce masa Tsibirin Igwa, saboda wata tsohuwar igwa da take kwance a bakin ruwa, yara suna hawanta kamar jaki. Tsofaffinsu sun ce Turawa ne suka bar ta, tun zamanin da suke tsayawa nan da jiragensu suna sayen manja, kafin manjan kuma mutane suke saye. Ki lura da wannan: wurin da mutane suka zauna tun kafin kakan kakanki, shi kike tsoro.

Mu Hausawa goma sha huɗu ne, da masallacinmu na katako. Gidaje a kan dirkoki suke, an ɗaga su sama da ƙasa. Ɗakina biyu, rufin kwano. Ruwan rijiya da gishiri, don haka na sama muke tarawa a tanki, ya fi na rijiyarku ta Balan tsabta. Kifi kuwa sai ta ture. Cikin wata uku ba za ki gane ta ba.

Makaranta da asibiti suna kan tudun da ke ƙetare, ana hango su daga ƙofata. Ruwan da ke tsakaninmu yana janyewa, ya bar farin yashi shimfiɗe, yara su taka da ƙafarsu su tafi makaranta. Ni kaina nan nake bi da kaya a ka.

Kellu shekara goma sha biyu ba ta samu haihuwa ba, kin sani. Ta riga ta sayi katifa ƙarama. Sagiru ƙanina ne uwa ɗaya uba ɗaya, a hannuna ya cika. Kada ki sa in kai maganar nan gaban manya.

Abdulmuttalib

Balan
2 ga Fabrairu

Yaya, ina gaisuwa, ina gai da Yaya Kellu. Muna lafiya. Inna ma da sauƙi, har ta taka zuwa ƙofar gida. Ta ce ba ka amsa mata maganar ƙaya ba.

Malama ta karanta takardarka sau biyu, na biyun a gaban Babana. Da aka zo wajen ruwa yana janyewa ya bar yashi, sai Baba ya ce, to ai irin namu ne. Da rani kogi ya ƙafe a bi ta cikinsa har da amalanke, da damina ya kawo. Ya ce ke da Allah, a kan wannan kike hana kanki abinci?

To na ji. Ba da son raina ba, Allah ya gani. Ga abin da na roƙa, kuma Baba ya yarda. Tunda yanzu rani ne ruwan ya tafi, ta je ta yi muku ranin. Kafin ruwan farko ya sauka, kafin kogin naku ya kawo, a dawo mini da ita. In damina ta wuce sai a sake magana. Kuma ba Bala za a ba ita kamar buhun wake ba, Yaya Kellu ta zo da ƙafarta ta ɗauka.

A gaya wa Yaya Kellu yarinyar ba ta cin yaji. Tana tsoron agwagwa. In ta yi fitsarin kwance kada a dake ta, kunya take sa ta daina cin abinci. In ta yi shiru a ɗaki a leƙa, wani abu take ɓatawa. Tana da tabo a bayan kunnen hagu, tsohon ƙurji ne, ba wani abu ba. Malama ta ce in tsaya in sha ruwa. Shi ke nan, a rufe a haka.

Naja'atu

Balan
17 ga Fabrairu

Yaya Abdulmuttalib, ina gaisuwa don gaisuwa wajibi ce. Muna lafiya. A gaya wa Yaya Kellu ta kwance kayanta, kada ta taso.

Jiya Bala ya tsaya a Gaya yana lodi. Na je da kaina, na kai masa ƙullin kuka da daddawa ya kai muku. Na ce Bala, wai a wane wata ruwan nan yake dawowa, don in san lissafin ranar da za a maido mini yarinya? Ya dube ni. Ya ce wane ruwa? Na ce wanda yake janyewa yara su bi ta kan yashi. Yaya, mutumin nan sai da ya dafa mota don dariya. Ya ce wane wata kuma? Ai kafin la'asar ya dawo!

Na ce ban gane ba. Ya ce ruwan teku ba ruwansa da rani ba ruwansa da damina. Kullum ta Allah sai ya tafi ya dawo, ya sake tafiya ya sake dawowa. Sau biyu. Ya ce in ya tashi dawowa ba ta gaba kaɗai yake zuwa ba, ta baya yake zagayowa ya tare mutum, kana tsakiyar yashi sai ka ga ka zama kai ma tsibiri. Ya ce shi da girmansa ya taɓa yin gudu a wurin, wando a hannu, ruwa har ƙirji. Ya ce a gabansa ya tafi da akuya da igiyarta. Yana faɗa yana dariya, 'yan lodi suna taya shi. Ni kuwa a kan buhu na zauna.

Wannan ce hanyar makarantar? Nan 'yar shekara biyar za ta bi safe da rana?

Kai ɗan Ajingi ne, Yaya. A nan aka yanke maka cibiya. Ka san sarai in ka ce wa mutumin nan ruwa ya janye, abin da zai ji shi ne an huta sai baɗi. Ka san haka Baba zai ji, ka san haka zan ji. Ka rubuta farin yashi, ka rubuta katifa, ka rubuta kifi, amma hannunka bai iya rubuta sau biyu a rana ba. Takardar ce ta ƙare ko tawadar?

Malama ta ce in sassauta, yayan miji uba ne. Na ce ta rubuta. Na janye yardata. Yarinyar ba ta zuwa.

Naja'atu

Tsibirin Igwa
1 ga Maris

Naja'atu.

Muna lafiya, in kin damu ki sani. Kellu ta kwana biyu ba ta dafa abinci ba saboda takardarki.

Ni kike cewa na ɓoye magana? Ban rubuta ƙarya ko ɗaya ba. In ke da mahaifinki kun mai da teku kogin Wudil, laifin wa? Kuma direban da yake kwana ɗaya ya juya, shi ne malaminki yanzu?

Ruwan nan ba mahaukaci ba ne, yana da ƙa'ida. Wata yake bi. Kullum yana jinkirta zuwansa da kusan awa guda, in wata ya cika ko ya ɓuya ya fi yawa, in ya rabu biyu ya ragu. Yaro ɗan shekara shida a nan ya san wannan kamar yadda naku suka san lokacin kiran salla. Ranar da lokacin makaranta ya faɗa kan cikar ruwa, a kwalekwale ake kai su. Mutanen nan sun san ruwansu. Ba su ɓoye mana cewa tsibirin yana raguwa ba. Sun ce a zamanin iyayensu ya ninka haka, igwar nan da take bakin ruwa a tsakiyar gari take. Tsohuwar kasuwarsu da tsohuwar maƙabartarsu duk suna ƙarƙashin teku yanzu, ta kansu ake wucewa in za a kamun kifi. To sun gudu? Sai dai su ja gidajensu baya, su ci gaba da haihuwa. Yaransu sun fi na Balan ƙiba.

Bari in faɗa miki abin da nake gani. Ba ruwa ne damuwarki ba. Kin gama takaba, ƙuruciya gare ki, yau ko gobe wani zai fito. So kike ki ja 'yar Sagiru gidan wani ƙato ta zama agola, ta ci a bayan kowa, ta kwanta a bakin ƙofa. Ina raye ba za a yi ba.

Kuma ina kunyarki ta tafi? A gidanmu ba a taɓa yin macen da ta buɗe baki tana ja-in-ja a kan 'yar fari ba. Ni ɗan fari ne. Ina shekara huɗu aka kai ni Kademi wajen Kawu, Inna ko leƙowa ba ta yi ba da aka fita da ni. Ke kin fi ta son ɗa ne?

Bayan ƙaramar salla zan zo da kaina. A shirya ta.

Abdulmuttalib

Balan
12 ga Maris

Yaya, ina gaisuwa. Ya azumi? Muna lafiya.

Zagin da ka yi na ji, na haɗiye. Ba wanda ya fito, in ma ya fito ba da kai zan yi shawara ba. Maganar Inna kuwa, ka tambaye ta wata rana abin da ta yi a bayan ɗaki ranar da aka fita da kai. Ni ta gaya mini.

Ba wannan ya sa na kira Malama ba. Wuri ɗaya na sa ta maimaita mini har sau uku. Ka ce maƙabartar mutanen garin tana ƙarƙashin teku, ana wucewa ta kanta a kwalekwale. Su masu garin ke nan, waɗanda ka ce sun san ruwansu.

To shi marigayi a ina kuka sa shi?

Lokacin rasuwar ce mana aka yi an yi masa sutura a nan tsibirin, ranar da ya cika. Ban tambayi komai ba, ina cikin kuka, kuma a zatona ƙasa duk ƙasa ce. Sau biyu ina isar maka da saƙon Inna a kan ƙaya. Ka amsa maganar tanki, ka amsa maganar igwa, har jakin yara ka ba ni labari, wannan kaɗai kake tsallakewa.

Bala yana da waya mai hoto. Na roƙe shi, in ya zo ka kai shi kan kabarin ya ɗauko mini. In nuna wa Inna, in nuna wa yarinyar inda ubanta yake. Ba wani abu mai wuya na nema ba.

Naja'atu

Balan
24 ga Afrilu

Yaya, ina gaisuwa. An yi salla lafiya? Mu mun yi.

Sati shida ke nan. Ka ce bayan salla za ka zo, na kwana uku ina kai yarinyar gidan yayata da sassafe don kada ka same ta. Ba ka zo ba, ba ka aiko ba.

Bala ya zo sau biyu. Na farko ya ce wayarsa ba caji. Na biyu da ya hango ni sai ya zagaya bayan mota. Na bi shi. Mutumin da ya yi mini dariya har da dafa mota, yau ya kasa duban idona. Ya ce Naja'atu, ni direba ne, ki tambayi yayanku.

To na tambaya. Ina kabarin mijina?

Naja'atu

Tsibirin Igwa
6 ga Mayu

Naja'atu, assalamu alaikum. Jikinmu lafiya. Ki sa Malama ta karanta miki wannan ke kaɗai, ba a gaban mahaifinki ba.

Sagiru ya cika ranar Talata bayan azahar, zazzaɓin kwana huɗu. A lokacin ruwa ya janye, jirage duk suna zaune a kan laka. Maƙabartar Musulmi tana Oron. Shugaban masuntan, wani tsoho, ya zo ya same mu. Ya ce mu haƙura zuwa safiya, shi da kansa zai ba da jirgi a kai shi can, don su ma yanzu ba sa binne nasu a tsibirin. Na ce masa mu ba ma kwana da gawa. Sauran 'yan uwa suka ce haka ne. Ina ganin in na bar ƙanina ya kwana a ɗaki na ci amanarsa.

Muka zaga muka samu wuri ta gabas, gindin wasu kwakwa uku. Yashi busasshe, tudu-tudu, taku arba'in daga inda ruwa yake tsayawa. Na auna da ƙafata. Tsohon ya biyo mu har can. Ya ɗora bakin filafilinsa a jikin kwakwar, daidai ƙirjina, ya ce nan ruwa ya kai shekarar da aka haifi ɗansa na biyu, kuma zai sake. Na ce shekarata huɗu a nan ban taɓa ganin ruwa ya taɓa wurin ba. Ya ce shi shekararsa saba'in. Muka ce tsoho ne ba ya son kabarin baƙi a ƙasarsu. Muka haƙa, muka yi masa salla, muka rufe. Ƙaya babu ita a nan, ganyen kwakwa na sa, na danne da duwatsu. Duk Juma'a ina zuwa.

A watan tara aka yi iska kwana uku, ta haɗu da cikar wata. Da ta lafa na je da safe. Babu kwakwar, babu tudun, babu komai. Ruwa ne yake kai da kawowa a wurin. Kwana huɗu muna zagaye a kwalekwale, masuntan nan da muka ƙi jin maganarsu su ne suka bar sana'arsu suka taya mu. Katako ɗaya muka samu daga cikin waɗanda muka jera masa. Yana ƙarƙashin gadona.

Tunda na fara, bari in ƙarasa. Bai ce ya ba Kellu ita ba. Cewa ya yi, Yaya, ka kula da Afra'u. Sauran ni na ƙara. Tun watan tara ba na iya duban gabas. Na ga kamar in tana gabana, tana ci daga hannuna, akwai abin da ya rage nasa da ban saki ba. Har yanzu ina son ta zo, ba zan ɓoye miki ba, kuma har yanzu ina da hakki a kanta.

Abu ɗaya nake roƙo. Kada Inna ta ji. Kin san jikinta. Tana can tana lissafin ɗanta yana kwance a inuwa da ƙaya a kansa. In ta ji, ba za ta kai damina ba, kuma da bakinta a kaina za ta tafi.

Abdulmuttalib

Balan
19 ga Mayu

Yaya Abdulmuttalib.

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. An yi ruwan farko shekaranjiya, Baba ya fita shuka. Inna tana nan yadda ka san ta.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Tun da Malama ta karanta mini, kwana goma takardarka tana cikin ƙullin zanena, sai yau na iya sake kiranta. Na yi masa kuka na biyu, wanda ba wanda ya zo mini gaisuwarsa, don ba wanda ya sani. A banɗaki nake yi in wanke fuska in fito. Malama ta ce duk inda bawa yake, ƙasa ko ruwa, Allah ya san wurinsa kuma zai tashe shi. Na riƙe wannan, da shi nake tashi da safe.

Ban ce ka kashe shi ba. Kwanansa ne ya ƙare. Gaggawar da ka yi ma na san don shi ka yi, ko Babana ne abin da zai yi ke nan. Amma mai wuri ya biyo ka har bakin rami, ya nuna maka da hannunsa, ka ce ka fi shi sani. Wata takwas kana ɓoyewa. Sannan ka ɗora wa mamaci maganar da bai faɗa ba, ka aiko a karɓe mini 'ya da ita, ka kira ni marar kunya, ka kira ta agola.

Yaya, an ba ka wanda ba ya motsi. An naɗe shi, an kwantar, inda ka ajiye shi nan zai tsaya. Ruwan nan ya karɓe shi daga hannunka. Shi ne zan ba ka mai ƙafa biyu, wadda ko tsakar gida ba a iya tsare ta?

Maganar Inna, ba zan faɗa ba. Malama ma ta yi rantsuwa. Jiya na je Ajingi, ta sake tambayar ƙaya. Na ce mata ka aiko, ka ce an rufe shi da kyau, ba dabbar da za ta kai gare shi. Ta ce alhamdulillahi, ta yi maka addu'a. Na zauna na ce amin. Wannan nauyin kai ka ɗora mini, zan ɗauka saboda ita, ba saboda kai ba.

Amma ka ji da kyau. Kai ka ce komai a yi shi a rubuce don kada a juya magana. To takardarka tana hannuna, da rubutunka da sunanka. Ranar da ka sake aiko a shirya yarinya, ko ka kai ni gaban manya, ranar za a karanta ta a zauren gidanku, kowa yana zaune. Ka bar mini 'yata, in bar maka uwarka.

Ka ce ya ce ka kula da ita. Hanyar Balan ba ruwa a kanta, safe da yamma a buɗe take. Ka zo ka gan ta, Yaya Kellu ta zo ta yi wata in tana so, ita ba ta yi mini komai ba. Katifar ma ta taho da ita. Katakon nan kuma ka ba Bala ya kawo mini. Ba naka ba ne.

Saura abu ɗaya. Malama ta ɗaga alƙalami tana kallona, ta ce in tuna fa 'yar fari ce. Na tuna. Shekara biyar ina cewa yarinyar, yarinyar, kamar 'yar maƙwabta, har kuka ɗauka ba ta da mai ita. Tana nan a tsakar gida yanzu, ta cika kwano da ruwan sama tana wanke ɗan akuya. Malama, rubuta da manyan baƙi yadda zai gani.

AFRA'U. Sunanta Afra'u, ni na haife ta, kuma ba inda za ta.

Naja'atu, uwar Afra'u